Baffa Sule da Walimar Bayan Bene

Duk wanda ya taɓa jerawa da Baffa Sule a garin nan na Kuala Lumpur ya san ba a sauri da shi. Ba ƙafarsa ba ce, allo ne matsalar. Duk inda aka kafa allon doka, a tashar jirgi ne, a bakin lif ne, ko a ƙofar banɗakin masallaci, sai ya ja birki, ya laluba aljihu ya zaro tabaron nan nasa mai hannu ɗaya, wanda ya ɗaure ɗaya gefen da zaren buhu, ya bi rubutun da yatsa tun daga sama har ƙasa, yana karantawa a bayyane. Muna tsaye a tashar Titiwangsa mu ga jirgi ya zo, mu ga jirgi ya tafi. In ka ce, "Baffa, mun makara fa," sai ya ce, "Ɗan nan, jirgi zai dawo. Bari in ga abin da suka manta."

To ai nan gizo ke saƙa. Wanda bai san shi ba sai ya ɗauka tsoron doka ne. Ina! Abin da aka manta ba a hana ba, shi yake farauta. Da ya gano shi sai ka ga fuskarsa ta washe, ya ninke tabarau ya mayar aljihu. In kuwa wani ya zo ya ce masa abu kaza ba a yi, amsarsa ɗaya ce, kun san ta, har yaranmu da ba su iya Hausa sosai ba sun haddace ta: "Nuna min inda aka rubuta."

Ga waɗanda suka zo daga baya, ni ce Rabi, 'yar wansa. Ƙanin mahaifina ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a bakina kuka tsinci "Baffa" har ya bi gari, har masu furfura irin tasa suna kiran sa haka. Rajistara ne a kotu a Kano kafin ya zo nan yin digiri na uku a fannin shari'a. Shekara tara yana abu ɗaya, don duk gyaran da malaminsa ya ba shi sai sun yi shari'a a kai. Da ya gama sai ya samu koyarwa a wata ƙaramar kwaleji ya zauna. Matarsa ta rasu tun kafin ya taso, 'ya'yansa suna gida da nasu iyalin, don haka mu ɗalibai muka zama iyalinsa, ko muna so ko ba ma so.

Wa ya tuna kilishin babbar Sallah? A dogon benen nan na Danau Kota inda yawancinmu muka zauna, an manna takarda a kowane hawa cewa an hana shanya tufafi a baranda. Baffa ya samu rabonsa na naman layya, ya yanyanka shi fale-fale, ya shafe da yaji da tunkuza, ya ja igiya a barandarsa ta hawa na sha tara ya jera. Ba a jima ba sai ga mai gadi yana ƙwanƙwasa ƙofa. Baffa ya kama hannunsa har gaban takardar.

"Karanta."

Bawan Allah ya karanta.

"Madalla. To wancan da ka gani, riga ce ko wando?"

Mai gadi ya sosa ƙeya ya sauka. Sai dai Baffa ya ci shari'a da mutum, bai ci da garin ba. Nan kullum la'asar sai an yi ruwa, nama ya ƙi bushewa. Rana ta uku na hau in gaishe shi, na tarar da shi tsaye a baranda, hannu a baya, igiya fayau ba ko tsoka.

"Baffa, ina kilishin?"

"Hankaki."

"Innalillahi! Ba ka kore su ba?"

"Da wace hujja? Su ma ba a rubuta musu ba."

Sai kuma shayinsa. A shagon Indiyawan nan na ƙasan bene, wanda ake ce wa mamak, Baffa bai taɓa sayen shayi ba. Ruwan zafi kawai yake karɓa, ya zaro ƙullin leda daga aljihu, citta da kanumfari da masoro, ya haɗa abinsa ya zauna awa uku yana karanta jaridar shagon. Mai shago ya gaji, ya je aka buga masa allo na musamman, ya rataye shi daidai kan teburin Baffa: an hana shigowa da abinci ko abin sha daga waje. Baffa ya sa tabarau, ya karanta, ya yaba rubutun, sannan ya kwance ledarsa.

"Boss, cannot lah," in ji mai shago.

"Wannan abinci ne? Ungo, ci mu gani."

Mutumin ya kuskura ya tauna masoro. Sai hawaye, sai atishawa.

"Ka gani? Magani ne."

Bayan sati guda mura ta kama mai shagon, muka shigo muka tarar Baffa ne ke haɗa masa. Allon yana nan har gobe, kuma a bayansa ake maƙale wa Baffa ledarsa don kada ya sha wahalar ɗaukowa daga sama.

Amma duk wannan somin taɓi ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne bikina, don kowa yana ba da labarin yadda ya ga dama, kuma akwai ƙarshensa da ni kaina ban sani ba sai makon jiya.

Lokacin da iyaye suka amince da maganata da Mustafa, fasfo ɗinmu duka biyu suna hannun hukuma ana sabunta mana biza, ga bincike ya kai mana iya wuya. Zuwa gida bai taso ba. Umma kuma likita ya hana ta doguwar tafiyar jirgi. Mahaifina ya rasu tun ina sakandare, saboda haka Baffa ne waliyyina, aka ce to a ɗaura a nan. Wata uku muna zarya da takardu: shaidar rashin aure, gwajin jini, kwas na kwana biyu, wasiƙa daga nan, hatimi daga can. Mustafa har ya rame. Baffa kuwa ƙiba ya yi. Ban taɓa ganin mutum yana cika fom yana murmushi ba sai shi.

Ranar wata Alhamis da hantsi aka ɗaura a ofishin harkokin addini. Ɗaki ne mai sanyi, da tebur da kujeru. Limamin ofis ya yi huɗuba gajeriya, aka ambaci sadaki, Baffa ya bayar, Mustafa ya karɓa, shaidu biyu suka sa hannu, aka miƙo mana takarda. Minti goma sha biyar. Muna fitowa wasu suna shiga, har an kira lambarsu.

A bakin titi na kira Umma, bakina har kunne.

"Umma, an ɗaura!"

"Alhamdulillahi. Mutum nawa suka halarta?"

"Mu shida ne."

"Har da ku biyun?"

"Har da mu."

"Rabi, ko akuya aka saya a kasuwa ai masu shaida sun fi haka."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce tun da aka sa rana matan unguwa suke tambaya, me ya sa ba za a kawo bikin gida ba, saurin me ake yi, me ake ɓoyewa. Ku mata kun san inda irin wannan tambayar take dosa. Ta ce, "Da ubanki na da rai da ba a aurar da ke a ofis kamar marar gata ba. Da wane ido zan kalli Hajiya Ladi?" Hajiya Ladi maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya, kuma abin da ta ji da safe kafin azahar ya kai bakin kasuwa. Wallahi a nan bakin titi na fashe da kuka, da takardar aurena a hannu.

Baffa ya karɓi wayar. Da ma shi da Umma ba sa haɗuwa ba su yi wasan ƙanin miji ba, amma ranar ba wasa a muryarsa.

"Hajiya, ki tara su ranar Lahadi da safe, duk wadda ke da tambaya. Ki sa waya a caji. Za ki ga taro."

"Sule, rana ba ta ƙarya fa."

"Na sani. Uwar ɗiya ba za ta ji kunya ba."

Ya kashe waya, ya dube mu, ya ce, "To, ina za a yi?" Jama'a, ashe bai da wuri! Alkawari kawai ya ɗauka.

Muka fara da zauren taro na benenmu. Manajar ginin, wata 'yar Sin da kowa ke kira Madam, ta ce sai an nema da wata guda, mutum talatin kacal, ba kiɗa, ba tukunya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Baffa ya hau jirgi har Bukit Bintang ya shiga wani otel ya tambayi nasu zauren. Da aka faɗa masa kuɗin sai ya nemi ruwa, aka ba shi, ya sha, ya yi musu godiya ya fito. Ranar Juma'a bayan masallaci ya zauna a mamak da littafin dokokin bene, mai shafi arba'in da wani abu, yana bi da yatsa. Can ya miƙe ya ce mu biyo shi.

A bayan benen akwai wani fili shafe da siminti, tsakanin wurin ajiye motoci da katanga, rabinsa da rumfa. An zagaye shi da jan layi, ba mota, ba kwandon shara, ba komai. Ƙofar matakalar bene da ƙofar baya ta wurin lif duk a nan suke buɗewa.

"Ga zaure," in ji Baffa.

Mustafa ya zaro ido. "Baffa, wurin nan fa ba shi da permit na taro. In aka kira mana police, visa ɗinmu is gone."

"Ango, aure an ɗaura shi jiya, da hatimin hukuma, ga takarda. Abin da ya rage cin shinkafa ne. Tun da uwarka ta haife ka ka taɓa ganin lasisin cin shinkafa?"

"Amma Madam..."

"Madam ba ta zuwa aiki ranar Lahadi."

Mutumin da bai taɓa sayen shayi ba, shi ya shigo da buhun shinkafa biyu da kaji cikin kwali. Mata suka raba girki ɗaki-ɗaki, wannan dafa-duka, waccan waina da miyar taushe, wata zoɓo a bokiti. An gayyaci mutum ɗari da hamsin. Sai dai lokacin jarrabawa ne, wasu kuma suna nesa, wasu sun ji an ce ba izini sun noƙe. Ku da ba ku zo ba na yafe muku, amma ina sane da ku ɗaya bayan ɗaya.

Ƙarfe uku na rana, wato takwas na safe a Kano, aka shimfiɗa tabarmi aka jera kuloli. Muka ƙirga kanmu, ba mu kai arba'in ba. A ɗaki da mun cika shi maƙil, amma a wannan makeken filin sai muka zama kamar an watsa wa kaji tsaba. Baffa ya kira Umma ta bidiyo. Ga ta nan ta ci ado, ɗakinta cike da matan unguwa, Hajiya Ladi a gaba har hancinta na taɓa waya. Baffa yana ta dabara, yana matso da wayar kusa da fuskokin mutane don kada a ga fili. Ina gefe na ji muryar Hajiya Ladi tar: "To ina mutanen? Ko ba a fara ba ne?"

A nan Anti Falmata ta shigo labarin. Anti, na san kina karantawa, ki yi haƙuri, gaskiya ce. Ita 'yar Maiduguri ce, kuma a wurinta amaryar da ba a turara ba ba ta fita gaban mutane, ko da a duniyar wata ake bikin. Ta hura gawayi a kasko uku ta zuba turaren wuta, iska ta kwashe hayaƙin ta yi katanga da shi. Ta yi tsaki ta ce asara ake yi. Ta ja hannuna muka shiga ta ƙofar baya, ɗan wurin nan da ake jiran lif, ta rufe ƙofar gilas, ta zaunar da ni a kujera, ta jera kaskon nan uku a ƙarƙashina ta lulluɓe ni da lafaya.

"Anti, ba na ganin gabana."

"Haka ake so. Yi shiru ya kama ki."

Ya kama ni kuwa. Ya kuma kama wani ɗan farin abu mai gano hayaƙi da ke manne a silin, wanda duk cikinmu ba wadda ta ɗaga kai ta gani.

Ƙarar da ta tashi, wallahi na ɗauka ƙaho aka busa. Ƙararrawar gobara ce, a duk hawa talatin na benen lokaci ɗaya. Lif ya tsaya cak. Anti Falmata ta saki salati ta suri kasko ɗaya ta yi waje, ni ma na biyo ta ina tari, hayaƙi na tashi daga jikina. Mustafa ya taro ni, fuskarsa ta yi fari fat.

"Rabi, we are finished. Mu gudu!"

Baffa ya riƙo masa hannun riga. "Ango ba ya gudu. Gyara hularka."

Sai ƙofar matakala ta buɗe. Jama'a! A ranar muka gane abin da ya sa ba a ajiye komai a filin nan. Nan ne inda aka tanada kowa ya taru idan gobara ta tashi. Mutane suka fara ɓarkowa, Malayawa, 'yan Sin, Indiyawa, Larabawa, 'yan uwanmu na kudu, wani da tawul a ƙugu da kumfa a kai, wani rungume da kwamfuta, wata da kyanwa a hammata, wani tsoho da kejin tsuntsu. Suna fitowa suna cin karo da tabarmi da kuloli da amarya mai hayaƙi. Kafin ka ce kwabo fili ya cika har bakin katanga, ana ta ƙaruwa.

Ni na gama sallamawa, jira kawai nake a zo a tafi da mu. Na waiwaya in ga Baffa, sai na gan shi a bakin ƙofar matakala, ya baza babbar riga, faranti a hannu.

"Sannunku da zuwa! Sannunku da zuwa! No fire, no fire, wedding! Makan, makan!"

Makan dai shi ne a ci abinci, kuma rabin Malayancin Baffa ke nan. Mutane suka tsaya turus. Sai wata dattijuwa Bamalayiya, da carbi a hannu, ta dube ni sama da ƙasa, ta shaƙi ƙamshin, ta tambaya ko ni ce amaryar. Aka ce ni ce. Ta kama fuskata da hannu biyu ta yi min addu'a, ta juya ta daka wa jikokinta tsawa, ta karɓe ludayi daga hannun wata ta hau rabon shinkafa. Shi ke nan, an buɗe hanya. Mutanen da suka sauko hawa ashirin a ƙafa, ga lif ba ya aiki, ga ƙamshin kaza, me ya rage? Mai tawul ma sai da ya ci waina huɗu.

Ana cikin haka sai ga motar 'yan kwana-kwana ta shawo kwana da jiniya da jan fitila. Baffa ya ɗaga waya sama, ya juya da ita a hankali tun daga wannan bango har wancan, bai bar kowa ba, ya ƙare a kan motar. Daga cikin wayar na ji guɗa ta tashi, kuma na rantse muryar Hajiya Ladi ce a sama.

"Sule!" in ji Umma. "Duk waɗannan? Har da jiniya?"

"Hajiya, 'yar Yaya Habu ce fa ake aurarwa."

Umma ta rufe fuska da mayafi. Ni ma na rufe tawa, kwallin da aka ɓata awa guda ana zizara min ya tafi a banza.

'Yan kwana-kwana suka shiga suka fito da kasko biyu. Babbansu ya yi faɗa sosai, kuma da gaskiyarsa. Baffa ya tsaya ya saurara har ƙarshe, ya ba da haƙuri, sannan ya sa aka ƙulla musu abinci suka tafi da shi. Muna cewa an tsira, sai ga Madam. Daga gida aka kira ta, ta zo da silifas, littafin dokoki a hammata.

Ta tambaya wa ya ba da izinin taro a nan. Baffa ya gyara tsayuwa, mu duka mun san abin da zai fito.

"Madam, nuna min inda aka rubuta."

Ta buɗe littafin ta nuna masa da farce. Ta juya shafi ta sake nunawa. Ta juya, ta nuna na uku: an hana taro ba izini, an hana kunna wuta a harabar gini, an hana tare filin gobara. Baffa ya zaro tabarau ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Shekarata shida tare da shi a garin nan, ban taɓa ganin an kai shi ƙasa ba sai ranar.

"An rubuta kam," ya ce. "Har sau uku. Aiki ya yi kyau."

Madam ta ce tana son sunan duk wanda ke da hannu, da lambar ɗakinsa da makarantarsa. Mustafa ya matse min hannu har sai da na ji zafi, don a satin nan muka kama ɗakinmu a hawa na takwas, ko labule ba mu gama sawa ba. Baffa ya ce, "Ba wani suna sai nawa. Waɗannan baƙina ne. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka." Ya bi ta ofis. Rabin awa sai ga shi ya dawo yana dariya, ya ce gargaɗi ne kawai, a zuba masa zoɓo.

Bayan kwana biyu zuciyata ta ƙi kwanciya, na kira Umma na faɗa mata gaskiya, cewa mutanen nan gudun gobara suka fito.

"Sun ci abincin?"

"Sun ci, Umma, har ƙanzo."

"Sun yi miki addu'a?"

"Wasu sun yi."

"To 'yan biki ne. Kada ki kuskura Ladi ta ji."

Wata guda bayan nan Baffa ya ce zai tashi daga benen. Shekara goma sha biyu yana ɗakin nan, ya san kowa, har zogale ya shuka a bokitai ya jera a baranda. Muka ce lafiya? Ya ce lif ne ya fara sa shi jiri. Ya koma wani ɗan ɗaki a saman shagon gyaran babur, can nesa, sai ka hau bas biyu, taga ɗaya, hawa uku a ƙafa. Muka yi ta tsokanarsa, muna cewa rowa ce, ya samu mai araha. Ni da bakina na ce masa, "Baffa, kai dai ba ka son jin daɗi." Ya yi dariya ya ce in kawo masa tuwo ranar Juma'a. Zogalen ya rarraba mana, don can ba inda zai ajiye.

Mu kuwa muka zauna a hawa na takwas shekara huɗu lafiya lau. A nan na gama karatuna, a nan muka haifi Habu.

Makon jiya, kwana uku da binne Baffa, muna zaman makoki a ɗakina sai aka ƙwanƙwasa. Madam ce, ta yafa ɗan gyale a ka, da ledar lemo a hannu. Ta zauna a bakin kujera ta yi mana ta'aziyya. Da za ta tafi na raka ta bakin lif, sai ta tsaya ta ce tana zaton ya faɗa min. Na ce me? Ta ce a ranar bikin, kwamitin masu ginin sun yanke cewa amarya da ango su tashi, kuma a kai rahotonsu makaranta, tunda bikinsu ne. Baffa ya zauna a ofishinta ya ƙi motsi. Ya ce a ƙasarsu ba a cewa amarya ta kwashe kayanta ba ta ko yi sati a ɗaki ba, in dai ɗaki ake so a karɓa, ga nasa. Ya rubuta da hannunsa cewa zai fita cikin kwana talatin, da sharaɗin kada sunan ɗalibi ko ɗaya ya fita daga ofishin, kuma kada a gaya mana.

Ta shiga lif ta tafi, ni kuwa na kasa komawa ciki. Shekara huɗu dattijon nan yana hawa matakala da gwiwar da ke damunsa, yana bin bas biyu ya zo ya ci tuwo a ɗakin da ya bar min, ina zuba masa miya ina ce masa marowaci. Ko sau ɗaya ban ce masa na gode ba, don ban san akwai abin godiyar ba.

Baffa, na gode. Na makara, amma na gode.

Ya Allah, ga baƙonka nan ya zo daga nesa, an binne shi a ƙasar da ba tasa ba. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwanci, Ka haɗa shi da wansa. Ya rufa wa marainiya asiri ya bar mata ɗaki, Ka rufa masa nasa, Ka ba shi gida a Aljanna wanda ba mai cewa ya tashi. Ku da kuka karanta, ku sa masa albarka da Ƙulhuwallahu. Amin.